Kayan faci a hanyar Damargu

Daga Kano zuwa Daura mai babur ba ya tunanin taya. Ko a Kazaure ko a ƙauyukan da ke tsakani, da wuya ka yi nisa ba ka hango tsohuwar taya a rataye a bakin titi ba, mai faci na zaune a ƙarƙashin rumfa, injin iskarsa na tari a gefe. Haka abin yake har Kwangwalam. Da muka tsallaka iyakar Nijar a Ɗan Barto muka bi ta Matamaye da Kance, muka faɗa babban titi a Takeita har Damagaram, wajen kilomita 240 daga Kano, masu facin sun ɗan yi nisa da juna amma suna nan. Arewa da Damagaram ne lissafi ke canzawa. Titin Tanut, wajen kilomita 150, yana bi ta gefen matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011, kuma muddin kana kan kwalta da sauƙi. Sai dai mai zuwa Damargu, wato yankin da Tanut ke cikinsa, ba a Tanut yake tsayawa ba. Dangi da kasuwanni suna ƙauye, wajen Gangara da Belbeji, hanyoyin can kuwa rairayi ne da ƙaya. Idan taya ta sace a can, kai ne mai facin.

Babur ɗin da na yi tafiyar da shi Boxer ne mai 100, irin wanda ya cika hanyoyinmu, ƙafafunsa na sifok ne masu tib. A jikin tayar gaba an rubuta 2.75-17, ta baya 3.00-17. Lambar farko faɗin taya ce da inci, ta biyu girman rim. Kafin ka sayi komai ka tsuguna ka karanta wannan rubutun a jikin naka, domin baburan China da yawa masu 125 rim ɗinsu 18 ne, kuma tib ɗin 17 da aka ja ya hau 18 yana yin siriri, ba ya jure zafi. Alherin Boxer shi ne ƙafafun biyu duk 17 ne, saboda haka tib mai rubutun 2.75/3.00-17 yana shiga gaba, yana shiga baya. Guda biyu nake ɗauka. Ƙayar da ta huda na farko sau da yawa tana nan a cikin taya tana jiran na biyu, shi ya sa ɗaya bai isa ba. Kuma kada ka yarda da leda: ka buɗe kowane sabon tib a gida, ka hura shi, ka bar shi ya kwana. Wanda ya daɗe a shago yana tsagewa a inda aka ninke shi, wani kuma tun daga masana'anta gindin bawul ɗinsa yake yoyo.

Ita kanta tayar, idan zanenta ya kusa shafewa, a canza ta tun a Kano. Tsohuwar taya ba santsi kaɗai ne aibinta ba, robar da ta rage tsakanin ƙaya da tib ce ta yi ƙaranci, abin da da zai maƙale a zane sai ya wuce ciki. A gefen yawancin tayoyi akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2322, an yi ta a mako na 23 na 2022. Taya na iya zama ba ta taɓa hawa titi ba amma ta tsufa a ajiye, gefenta ya yi ƙananan tsagu. Ga mai ɗaukar kaya ko goyo, mai rubutun 6PR ta fi mai 4PR a baya (lambar ƙarfin jikin taya ce), ko da yake ta fi taurin cirewa, kuma wannan taurin kai zai dawo wa a daji.

Abin da na fi ba muhimmanci a shirin nan duka ba saye ba ne. Ranar da za a sa sabuwar taya, kada ka miƙa wa mai faci babur ka koma benci kana danna waya. Ka ce masa, "Maigida, yau ni zan yi, kai ka tsaya a kaina," ka biya shi kuɗinsa cif. Ka cire ƙafar baya da sifanun da za ka tafi da su, ba da nasa ba. A nan za ka gane ko sifanarka ta dace da notin shaf, ko wancan makanikin ya ɗaure shi da ƙarfin da guntuwar sifanar da ta zo da babur ba za ta iya kwancewa ba, ko wani noti ya cinye har ba ya kamuwa. Yawanci abin yana tsakanin lamba 17, 19 da 22 a shaf, 10 zuwa 14 a wajen birki da na jan sarƙa, amma babur da babur sun bambanta, kuma wanda ya sha hannun makanikai yakan ɗauki notunan da ba nasa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mutum ya cika jaka da kayan aiki alhali bai taɓa ɓare taya da hannunsa ba, to kaya kawai ya ƙara wa kariya.

Jakar kanta ba ta da girma. Liba uku, masu tsawon kamar taƙi ɗaya, bakinsu mai santsi. Biyu suna aiki, amma ta uku ce ke riƙe maka wurin da ka riga ka ɓare. Sukundireba ba ta maye gurbin liba, bakinta mai kaifi ne, tib take ci. Sai sifanun da ka gwada, da filaya domin fin ɗin da ke riƙe sandar birki da kuma zare ƙusa, da murfin bawul na ƙarfe mai tsaga a kai wanda ake kwance fin ɗin bawul da shi, da fin ɗin bawul biyu ko uku na ajiya a cikin kwalin ashana. Famfo na hannu ko na ƙafa, wanda ka tabbatar bakinsa yana kama bawul ɗinka ba ya hurar da iska ta gefe. Ƙaramin injin iska mai aiki da batir yana da daɗi, amma batirin irin waɗannan babura ƙarami ne, sai injin babur na kunne, kuma ranar da wayarsa ta tsinke ba ka da komai. Geji na aljihu. Guntun samfefa, facin sanyi manya da ƙanana kamar goma, guntun sabulu, ƙaramar robar hoda, tocila, buhu ɗaya wanda babu komai a ciki, da ɗan katako mai faɗin tafin hannu biyu.

Sholisho sai an yi masa magana ta daban. Da zarar an huda bakinsa ya fara mutuwa, kuma zafin Damargu a watan Afrilu da Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40, yana ƙarasa shi a cikin jaka ko da murfin na ɗaure. Za ka matsa ka ji iska kawai ta fito. Gara ƙanana uku da ba a huda ba da babba ɗaya da aka taɓa amfani da shi.

Yadda aka ɗaure kayan ma yana kashe tib tun kafin a sa shi. Idan ya kwana a jaka ɗaya da liba da sifana, girgizar hanya tana goga su a jikinsa har su ci shi. Na kan fitar da iskarsa duka, in shafe shi da hoda, in naɗe shi bawul na ciki da murfinsa, in cusa a tsohuwar safa. Ya yi nesa da salansa, ya kuma yi nesa da galan ɗin fetur, domin mai yana kumbura roba ya lalata ta.

A Damagaram mun tsaya a kasuwar Dole, can ne wuri na ƙarshe da za ka samu duk abin da ka manta ba tare da an ce maka sai ranar kasuwa ba. Ka canza kuɗi ka riƙe ƙananan sefa, mai facin ƙauye ba shi da canjin jika goma, wato sefa dubu goma. Ka kuma tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki da dokar hawa babur a inda za ka, saboda akwai yankunan da aka taƙaita shi don tsaro, kuma tafiyar dare ba ta cikin lissafi.

Iska ita ce rabin maganin faci. A Boxer, gaba 25 ne a geji, a ma'aunin PSI, baya 28 idan kai kaɗai ne, 32 idan da goyo ko kaya. Da safe ake aunawa, taya na sanyi. Idan ka auna da rana tsaka bayan tafiya za ka ga ta ƙaru da biyu ko huɗu, kada ka rage, haka take. Wanda ya rage da rana zai wayi gari da taya mai laushi. Matsa taya da yatsa ko buga ta da ƙafa ba awo ba ne, mai 6PR tana iya zama da rabin iskarta ka ji ta da tauri.

Da muka sauka daga kwalta muka shiga rairayi, babur ya fara wasa da kai, kuma kowa ya san maganinsa shi ne a rage iska tayar ta baje. Gaskiya ne, amma da iyaka. Ni ba na sauka ƙasa da 18 zuwa 20. Dalili shi ne iska ce ke danne leɓen taya a jikin rim. Idan ta yi ƙasa sosai, duk lokacin da ka ja mai ko ka taka birki tayar tana zamewa kaɗan a kan rim, tana jan tib, shi kuwa bawul yana maƙale a raminsa. A hankali sai ya karkace, daga nan ya tsage daga gindi, kuma wannan tsagar ba ta da faci. Shi ya sa ƙaramin notin da ke jikin bawul ba a ɗaure shi ƙam a jikin rim: a bar shi sama kusa da murfi, domin bawul ya samu damar karkacewa ka gani da ido tun bai tsage ba. In ka ga ya karkace, ka sace iskar, ka murza tayar baya har ya miƙe, ka sake hurawa. Kuma da ka dawo kan tsakuwa ko kwalta ka tsaya ka mayar da iskar, ko da ka gaji, domin taya mai laushi da ta faɗa rami rim ne zai datse tib.

Ƙayar Damargu iri-iri ce. Tsidau na nan a shimfiɗe, amma gajere ne, taya mai kauri ba ta cika jin sa ba. Masu ɓarnar su ne aduwa da bagaruwa da farar ƙaya, dogaye masu tauri. Ba a kan bishiya suke samun ka ba. Da rani makiyaya suna sassare wa dabbobi rassa, a ci ganye a bar ƙaya a ƙasa, manoma kuma suna jan reshen ƙaya su yi shinge, abin da ya karye a hanya rairayi ya rufe shi. Ka bi sawun amalanke da na baburan da suka riga ka, kada ka yanke ta cikin gona don gajerce hanya. Wani abin kuma: a ƙasar nan yawancin inuwar da za ka samu ta bishiyar ƙaya ce. Idan za ka huta, ka bar babur a fili ka shiga inuwar da ƙafarka. A kusa da gari da kasuwa kuwa ƙusa da waya ne, kuma tayar baya suka fi kamawa, saboda ta gaba ce ke taka su ta tayar da su tsaye.

Idan baya ta sace kana tafiya za ka ji gindin babur yana lilo. Idan gaba ce kan zai yi nauyi ya ƙi juyawa. Ka saki mai a hankali, ka riƙe kai da kyau, kada ka damƙi birkin ƙafar da ta sace. Kada kuma ka ce bari in ƙarasa wancan ƙauyen a kanta. Tafiyar 'yan mintoci a kan taya marar iska tana mayar da huda ɗaya ta zama tib yagagge.

Ka nemi wuri mai tauri, ka sa katakon nan a ƙarƙashin sitan ɗin tsakiya don kada ya nutse, ka sauke kaya, ka shimfiɗa buhu. Duk abin da ka cire a kan buhun zai sauka, a jere yadda ya fito, saboda washa ko noti da ya faɗa rairayi ya tafi, kuma yashi a cikin boris ko birki wata matsalar ce ta gobe. Kafin ka cire komai ka juya tayar ka nemi abin da ya huda ta, ka yi wa wurin alama. Sai ka kwance notin sandar birki, ka zare fin ka kwance ƙarfen da ke riƙe farantin birki, ka kwance notin shaf ka zare shi, ka cire ɗan bututun da ke tsakani, ka lura da gefen da yake. A irin Boxer ƙafar tana zamewa gefe ta fito ta bar sifoket da sarƙa a wurinsu. A wasu baburan sai ka tura ƙafar gaba ka sauke sarƙa. Robobin da ke cikin hob sukan zubo, ka tattara su.

Ka kwance fin ɗin bawul iska ta fita duka, ka taka gefen tayar da diddige zagaye har leɓenta ya rabu da rim ta ɓangarorin biyu. Ga sirrin aikin, wanda masu faci ke yi ba tare da sun faɗa ba: tsakiyar rim kwari ne. Idan ka danna leɓen taya ya faɗa cikin kwarin a gefe ɗaya, sai ɗaya gefen ya samu sarari. Saboda haka ka durƙusa da gwiwa a kan tayar a ɓangaren da ke fuskantar bawul daga nesa, ka fara sa liba kusa da bawul, kana ɗaukar kaɗan kaɗan, kamar faɗin yatsu uku. Duk lokacin da ka ji kana neman yin kokawa da liba, to leɓen ya fito daga kwari ne. Ka koma ka danna shi, kada ka ƙara ƙarfi. Ƙarfi yana lanƙwasa rim ko ya tsinka wayar da ke cikin leɓen.

Tib ya fito, kada ka yi gaggawar sa sabo. Ka hura tsohon ka nemi hudar, da kunne ko da leɓe ko da ɗan ruwan sabulu, domin ita za ta gaya maka abin da ya faru. Huda ɗaya a bayansa, ƙaya ce ko ƙusa. Tsagu biyu a jere a gefe, rim ne ya datse shi a rami, ko liba. Huda ta ciki, wajen da ke kallon rim, kan sifok ne ya ɓullo, wato robar da ke rufe kawunan sifok ta tsinke ko ta goce. Ka gyara ta, in ta mutu ka yanka zobe daga tsohon tib ka maye. Sannan ka ɗora tib ɗin a kan tayar, bawul daidai raminsa, ka ga inda hudar ta faɗa. Ka bi cikin tayar duka da tsumma, zai maƙale a kan abin da ido bai gani ba, sannan ka bi da yatsa a hankali. Ƙayar aduwa takan karye a cikin roba, daga waje ba a ganin komai, daga ciki sai ka lanƙwasa tayar tsininta ya leƙo. In filaya ba ta kama ta ba, ka tura ta waje da tsinin ƙusa. Kuma in ka samu ɗaya ka ci gaba da nema.

Wajen mayarwa, ka shafa wa sabon tib hoda, ka ɗan hura shi har ya yi siffarsa kawai, don kada ya ninke ko ya shiga ƙarƙashin liba. Bawul ya fara shiga, ka ɗaura notinsa zare biyu. Ka shafa ruwan sabulu a leɓen taya. Ban da baƙin mai, ban da giris: suna cin roba, kuma ba sa bushewa, tayar za ta riƙa zamewa a kan rim. Ka fara daga nesa da bawul ka ƙare a wajensa, gwiwa na danne abin da ya shiga, kuma kada liba ta wuce tsaye, domin daga nan ne bakinta ke cizon tib. Kafin ƙarshen ya faɗa ka tura bawul ciki kaɗan don kada leɓe ya hau gindinsa. Ka hura, ka duba siririn layin da ke zagaye gefen taya: tazararsa da rim ta zama ɗaya ko'ina. In wani wuri ya nutse, ka sace, ka ƙara sabulu, ka sake. Idan tayar na da kibiya, ta kalli inda ƙafa ke juyawa. Ka mayar da komai, sarƙa ta samu wasan santimita biyu zuwa uku, alamomin jan sarƙa su yi daidai hagu da dama, fin ɗin birki ya koma, ka taka birki ka ji ya kama kafin ka hau.

Facin tsohon tib ba aikin bakin hanya ba ne in akwai yadda za a yi. Ga iska ga ƙura, ga gumi a hannu. Ka bari sai ka sauka masauki. Ka goge wurin da samfefa ya fi facin faɗi, har ƙyallin robar ya tafi. In hudar na kusa da layin da ya ɗan taso a jikin tib, ka goge layin ya kwanta, in ba haka ba iska za ta bi gefensa. Ka shafa sholisho siriri, ka jira kamar minti biyar har ya daina ƙyalli. Yawancin facin da ke tashi a nan aka kuskure: an ɗora shi a kan ɗanyen sholisho, ko an taɓa wurin da yatsa don a ji ko ya bushe. Ka ɓare takardar, ka ɗora, ka murje shi da gindin liba daga tsakiya zuwa baki da ƙarfi, ka barbaɗa hoda don kada ya manne da taya. Tsagar da ta fi faɗin yatsa biyu, ko wadda ke gindin bawul, ba a ɓata faci a kanta.

Wani lokaci tayar ce da kanta ke yagewa, kututturen gero ko ƙarfe ya tsaga gefenta. Sabon tib zai leƙo ta tsagar ya fashe. Don haka nake ajiye guntun tsohuwar taya mai laushi, an yanke leɓenta an fere bakinsa, a shimfiɗa shi daga ciki ya rufe tsagar, a sa guntun tsohon tib tsakaninsa da sabon. Zai kai ka gari a hankali, ba zai kai ka gida ba. Masu sa tsohon tib da aka tsaga a cikin taya tun daga gida don ƙara kauri suna samun sauƙin ƙananan ƙayoyi, amma yana ƙara zafi a doguwar kwalta, kuma in ya ninke shi ma yana cin tib. Ruwan da ake ɗurawa ta bawul yana toshe hudar ƙaya, ba ya toshe datsewar rim, kuma yana wahalar da faci daga baya saboda sai an wanke wurin sosai.

Mai babur marar tib aikinsa ya fi sauƙi in hudar a kan zane take: a zare ƙusa, a buɗa ramin da abin gogewa, a cusa igiyar faci, a yanke saura, a hura, ko ƙafa ba a cire ba. Amma in rim ya lotsa ko leɓe ya rabu da shi, famfon hannu ba zai mayar da shi ba, sai injin iska mai ƙarfi. Shi ma ya riƙe tib ɗaya daidai girman tayarsa da liba.

A Tanut, kafin mu juyo, na kai tib ɗin da aka yi wa facin sanyi wurin mai facin wuta, irin mai danna ɗanyar roba da ƙarfe mai zafi. A ƙasa mai zafi haka na fi amincewa da nasa, muddin bai bar wutar ta ƙona gefen ba. Ka duba da kanka, in wurin ya yi tauri ko ya canza launi, wannan tib ɗin na ajiya ne kawai, ba na ƙafar gaba ba. Ka sa ya tsoma shi a ruwa a gabanka, har da bakin bawul. Sannan ka sa geji ɗinka a kan abin da ya hura maka, saboda da yawansu da ido suke aunawa, kuma sun saba da tayar amalanke da ta mota.